Idan aure ya mutu, wa ke yi wa yara bayani?

Duk ranar da aka ce aure ya mutu a wani gida a Sakkwato, tambayoyin da ke tashi sanannu ne. Saki nawa ne? Ya rubuta takarda ko da baki ya furta? Tana da ciki? Wa zai shiga tsakani, baffansa ko limamin unguwa? In abin ya ƙi gyaruwa sai a koma zancen motar da za ta kwashe kayan ɗaki, da wadda za ta tsaya a ƙirga kwanuka kada gobe a ce an ɓoye wani abu. Yara ma ana maganarsu, amma irin maganar da ake yi wa kaya: wannan ya zauna, wancan ya bi ta, ta goye in an yaye ta a dawo da ita. Da wuya ka ji an tambayi abin da yaron ya fahimta, balle abin da ke cin ransa.

Wanda uwarsa ta rasu, mun san yadda ake yi da shi. Ana zaman makoki, ana shafa kansa, ana kiransa maraya, sunan kaɗai ya isa ya jawo masa tausayi. A jihar nan har Hukumar Zakka da Waƙafi tana tuna irinsa. Wanda ya wayi gari ya tarar da ɗakin uwarsa a share, ba gado ba labule, shi ma rashi ya yi, sai dai ba mai zuwa yi masa gaisuwa. In ya yi kuka a ce ya rufe wa mutane baki, ai ba mutuwa ta yi ba. A ganina, mafi yawan ciwon da ke bin yaro bayan rabuwar iyayensa yana fitowa ne daga abin da manya suka yi, da wanda suka ƙi yi, bayan sakin ya riga ya auku. Wannan kuwa a hannunmu yake.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan batun. Wata farfesa a Amurka, Mavis Hetherington, ta shafe kusan shekara 30 tana bibiyar iyalai kimanin 1,400, ta fitar da sakamakon a 2002. Cikin 'ya'yan da iyayensu suka rabu, kusan kashi 25 cikin 100 sun tashi da babbar matsala ta hali ko ta zuciya, alhali a gidajen da aure bai mutu ba kashi 10 ne. Haɗarin ya ninka fiye da sau biyu ke nan, ba abin rainawa ba ne. Amma a duba ɗaya gefen: uku cikin huɗu sun warware, sun kama rayuwarsu kamar kowa. Ta kuma lura cewa shekara biyun farko su ne mafiya tsanani. Wani masanin, Paul Amato, shi da abokan aikinsa sun nuna a 1995 cewa yaran da suka tashi a gidan da ake faɗa dare da rana sun fi samun sauƙi idan iyayen suka rabu, a kan su ci gaba da zaman doya da manja. Rigimar da yaro ke gani, kafin saki da bayansa, ita ce ta fi yi masa illa.

Amurka ba Sakkwato ba ce. A can gida daga uwa sai uba, in ɗaya ya fita yaro ya rasa rabin duniyarsa. A nan akwai kaka, akwai goggo da kawu, ga maƙwabta ga malamin allo. Hannuwan da za su tare shi suna da yawa. Sai dai muna da namu nauyin: kishiyar da take gidan tun kafin a saki uwarsa, 'yan ubanci, da al'adar yanke yaro daga uwa gaba ɗaya da zarar ya bar nono.

Yadda ciwon ke fitowa

Yaro ba zai zo ya ce maka yana cikin damuwa ba. Ba shi da kalmomin, tarbiyyarmu kuma ba ta ba shi wurin faɗarsu ba. Jikinsa da halinsa ne ke magana a madadinsa, maganar kuma tana sauyawa da shekaru.

Na goye bai san saki ba, amma ya san bayan da ake goya shi, ya san murya da ƙamshin mai ba shi nono. A gidaje da yawa ranar yaye ita ce ranar miƙa shi gidan uba, sai a haɗa masa rashi biyu a wuni ɗaya: ba nono, ba mai nonon. Yayen da muka gada, wanda ake kai yaro wurin kaka ya yi 'yan kwanaki, da komawa wurin uwa yake ƙarewa. Wannan babu komawa. Shi ya sa za ka ga yaro ya ƙi abinci, ya rame, yana firgita da dare, yana ƙanƙame duk wanda ya ɗauke shi. Wani kuma ya yi lamo ya daina neman kowa, mutanen gida su ce ai ya saba.

Mai shekara 3 zuwa 6 yana ɗauka duk abin da ya faru shi ne sanadi. Iyaye mata sukan ce, cikin gajiya ba da wata manufa ba, "ku ci gaba da fitina, wata rana zan tafi in bar muku gidan." Ranar da ta tafi ɗin, yaron ya riga ya yanke wa kansa hukunci: fitinarsa ce ta kore ta. Ba zai gaya wa kowa ba. Abin da za a gani shi ne ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ya koma tsotson yatsa, yana bin goggonsa har ƙofar bayi don tsoron kada ita ma ta ɓace. Mu kuma maganin da muka sani tsawa ne, ko a tara masa yaran gida su yi masa amalala. An ɗora masa kunya a kan tsoro ke nan.

Daga shekara 7 zuwa 12 ya gane abin da ya faru sarai, har bambancin saki ɗaya da saki uku ya sani, domin kunnensa na wurin lokacin da manya ke lissafi. Jira ne ke cinsa. Duk sallamar da aka yi a zaure yana zaton masu sulhu ne, duk Sallar da ta gabato yana zaton a cikinta za a yi kome. Ciwon ciki da ciwon kai sukan yawaita, musamman da safe lokacin tafiya makaranta, a je a auna jini ba a ga zazzaɓi ba. Malamin Islamiyya kan riga iyaye lura, domin hadda ce ke fara zubewa. Ga kuma zuciya da ta rabu biyu: in ya ci tuwon matar uba ya ji daɗinsa, sai ya ji kamar ya ci amanar uwarsa.

Wanda ya tasa, nasa fushi ne. Saurayi yakan ƙaurace wa gidan, ya koma kwanan shago ko ɗakin abokai, a irin wannan gaɓar ce ƙwaya ke samun ƙofa. Budurwa kuwa sau da yawa ita ke zama uwar ƙannenta tun ba ta gama ƙuruciya ba, wanka nata, wanki nata, rarrashi da tare musu faɗa duk nata. Wata ta amince da duk wanda ya fara sallama da ita don kawai ta bar gidan, kuma ba sai an faɗi inda irin wannan auren ya fi ƙarewa ba.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ake yabo. "Wance akwai haƙuri, ko sau ɗaya ba ta tambayi uwarta ba." Yarinyar ta lura ne cewa ambaton sunan uwar yana ɓata fuskar mutanen gidan, sai ta haɗiye. Haɗiyewa daban, warkewa daban.

Idan abin ya yi tsanani, yaro ya fara zabura cikin barci ko yarinya ta fara faɗuwa a makaranta, fassarar da ta fi saurin zuwa bakinmu ita ce iska ko sammu, yatsa kuma ya nufi ɗakin kishiya ko dangin uwa. Addu'a da tofi a yi su, ba mai hanawa. Sai dai kafin a ɗauki yaro zuwa wurin ruƙiyya, a tambayi kai yaushe abin ya soma. In a watan da aka kwashe kayan uwarsa ne, ba sai an je nesa neman dalili ba. Zargin sammu ba abin da zai ƙara sai gaba tsakanin gidaje biyun da yaron ke buƙatar su zauna lafiya.

"Ta je unguwa"

Ƙaryar da aka fi yi wa yara ke nan. "Innarka ta je unguwa." "Ta tafi Gwadabawa ganin gida, tana nan dawowa." Da kyakkyawar niyya ake yin ta, don a samu ya yi barci yau. Gobe zai zauna bakin ƙofa, jibi ma haka, har ranar da wani yaro zai jefa masa "an saki uwarka" a wurin wasa, gaban kowa. Ran nan zai gane cewa mutanen da ya dogara da su suna iya haɗa baki su yaudare shi, daga nan ko gaskiya aka gaya masa sai ya auna ta.

Kunya ce ke ɗaure mana baki. Uban da ko sunan ɗan farinsa ba ya kira, ta yaya zai zaunar da shi ya yi masa zancen aurensa? Masana a Turai sukan ce uwa da uba su zauna tare su gaya wa yaran. In hakan zai yiwu ba tare da an koma cacar baki ba, madalla. In ba zai yiwu ba, al'adarmu ta riga ta tanadi masu aikin. Kaka abokiyar wasan jika ce, tana iya faɗa masa abin da uwa za ta ji nauyi. Goggo da kawu ma haka. Sharaɗin dai a zaɓi wanda yaron ya sake da shi, wanda kuma zai iya danne nasa haushin har a gama. Kakar da za ta buɗe baki da "ubanka azzalumi ne" ba ta dace da wannan zama ba, ko da gaskiya ta faɗa.

Maganar ba ta buƙatar tsawo. Ga mai shekara 5, irin wannan ya isa: "Innarka da Babanka ba za su ƙara zama gida ɗaya ba. Magana ce ta manya, ba kai ka jawo ba. Inna tana nan innarka, Baba yana nan babanka. A nan wurina za ka riƙa kwana, makarantarku ba ta canza ba, ran Juma'a Kawu zai kai ka wurin Baba." Wannan kashi na ƙarshe shi manya ke rainawa, shi kuma yaro ya fi buƙata. Tambayoyinsa na yau da gobe ne: ina zan kwana, wa zai ba ni kuɗin tara, wa zai yi mini kitso, ƙanena zai biyo ni? Alkawarin da ba a da tabbacin cikawa kada a ɗauka. "Wataƙila ta dawo" a wurin babba zancen fatar baki ne, yaro kuwa zai riƙe shi shekara guda. Kuma ba zama ɗaya ake yi a rufe ba. Zai sake tambaya bayan mako, bayan wata, bayan ya ƙara wayo, kowane lokaci yana son amsar da ta yi daidai da hankalinsa na lokacin. Wanda ya girma ana iya ce masa an yi ƙoƙarin sulhu bai yiwu ba. Abin da ya wuce wannan, na zargi da sirrin ɗaki, ba rabonsa ba ne ko shekararsa nawa.

Akwai wata dama da shari'a ta ba mu muka yi watsi da ita. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta lokacin idda, ta kuma hana ta fita. Malamai sukan ce hikimar ita ce ko zukata za su sauko a mayar da aure. Ku duba kuma abin da wannan ke nufi ga yara: tsarki uku, wajen wata uku, uwa tana gabansu, ana iya shirya su a hankali, a tsara inda kowa zai zauna, a sanar da malamansu. Mu abin da muke yi shi ne "tattara ki tafi gidanku" da tsakar dare, ko ita ta ja mayafi ta fice tun takardar tana hannunsa, yara su farka su tarar an yi an gama.

Wa zai riƙe su

A nan ne al'ada da fiƙihun da muke karantawa suka raba hanya. Abin da jama'a suka ɗauka shi ne 'ya'ya na uba ne, uwa ta shayar ta yaye ta mayar. Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke hukunci da ita, ba haka ta ce ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin zaure a garin nan ya bi ta kanta, ta faɗa ƙarara cewa bayan saki riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba duk inda yaran suke. Akwai sharuɗɗa, ba shakka: mai riƙon ta kasance mai hankali da amana, wurin zamanta kuma ya zama inda yaro zai tsira. Alƙali ne ke duba wannan, ba fushin miji ba.

Asalin hukuncin sananne ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta zo wurin Annabi (SAW) ta ce cikinta ne ya ɗauki ɗanta, nononta ya shayar da shi, cinyarta ta raine shi, ga shi ubansa ya sake ta yana son karɓe shi. Sai ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya. Ya je Ƙuba ya tarar da ɗansu Asim yana wasa a harabar masallaci, ya kama shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa, suka je gaban Halifa Abubakar, kowa yana cewa ɗana ne. Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar bai ƙara cewa uffan ba. Umar fa, da duk kwarjininsa.

Don adalci, ba kullum ƙwace ake yi ba. Mata da yawa da hannunsu suke ajiye yaran. Gidan iyayenta ba zai ɗauki ƙarin baki huɗu ba a wannan tsadar, ta san in ta tafi da su uban zai zare hannu ya ce "tunda tana son su, ta ci da su," ta kuma san manema na ja da baya daga bazawara mai 'ya'ya. Wata kuma in yaran suna hannunta sai ta rama da su, uba ya zo ƙofar gida a ce sun yi barci. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta toshe hanyoyin biyu a jimla ɗaya: kada a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, kada a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Wanda aka danne wa haƙƙi, kotun shari'a tana nan, kuma tun 2021 jihar Sakkwato take da dokarta ta kare yara. Amma in za a iya gamawa a zaure, gaban waliyyai da limami, a rubuta nawa ne a wata da ranar da yara za su riƙa zuwa, ya fi sauƙi ga kowa. Abin da bai kamata ba shi ne a tsayar da yaro a tsakiyar taro a ce masa "wa za ka bi?" Duk wanda ya zaɓa, da laifin ƙin ɗayan zai kwana.

Mafi muni shi ne rabon da ake yi don a huta: ɗaya a kai ta Wurno wurin goggo, ɗaya a tura shi karatun allo wani gari yana ɗan shekara 6, babbar a bar ta tana yi wa amarya aiki. 'Yan ɗaki ɗaya su ne abin da ya rage wa juna daga tsohuwar rayuwarsu. In da hali, a bar su wuri ɗaya, a makarantar da suka saba.

Duk inda riƙo ya faɗa, yaro yana buƙatar ɗaya gidan. Daga Mabera zuwa Runjin Sambo kuɗin kabu-kabu ne, amma akwai yaran da ke shekara ba su sa uwarsu a ido ba, duk a cikin garin nan. In nesa ce, Illela ko Tambuwal, waya ta rage wahala. Rana tsayayya da yaro ya sani, ko da Juma'a ce bayan an sauko masallaci, ta fi ziyarar ba-zata mai tarin tsaraba, domin abin da ya karye a ransa shi ne yarda cewa wanda ya tafi zai dawo. Sallah ma a raba tun da wuri, ƙarama can babba nan, kada kayan Sallah su zama filin gasa.

A wannan zirga-zirga ne ake mayar da yara 'yan aike. "Je ka ce wa ubanka sabulu ya ƙare, kuɗin makaranta ma an kore ku." Uba ya ɓata fuska, yaron ne ya gani, ya dawo hannu wofi, shi ne zai sha tsaki. Zancen kuɗi na manya ne, ga waya ga kawu, ga tura kuɗi ta banki. Daga aike sai bincike: wa ke zuwa zance wurinta, me amaryar ta dafa, an canza kujeru? Yaro mai wayo zai koyi gaya wa kowane gida abin da yake son ji, bayan shekara biyar a dawo ana mamakin inda ya koyo ƙarya. Sai zagi, wanda ya fi fita ba tare da an shirya ba: "mai baƙin hali kamar uwarka," "haka ubanka yake." Yaro ya san daga mutanen nan biyu ya fito, kuma ba a raba hanta da jini. Duk abin da aka jefi ɗayansu da shi, a jikinsa yake sauka.

Matar uba tana shan suka a bakin mutane, alhali da yawansu sun raini 'ya'yan da ba su haifa ba har sun aurar da su. Abin da ke taimakonta shi ne kada a tilasta wa yaro kiranta da sunan da yake kiran uwarsa, kada kuma a hana shi ambaton uwar a gabanta. Uba kuma ya duba da idonsa: kwanon wa aka fara zubawa, wa ake aika da rana tsaka, wa ke kwana bakin ƙofa. "Lafiya lau, Baba" da yaro zai faɗa gaban matar gida ba shaida ba ce. Haka uwar da ta tafi da agola gidan wani mijin.

Saura da me? Sauraro, wanda shi ne mafi wuya gare mu. Kalmar farko da ke fitowa bakinmu ita ce "yi haƙuri," ga namiji kuma "kai ba ka jin kunya, kana kuka kamar mace?" Haƙuri abu ne mai kyau, amma in ya riga sauraro zuwa, yaro yana fassara shi da "yi shiru." Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya ga yaron a damuwa, ya tambayi dalili, ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun nan. Tsuntsu ne fa. Annabi Yaƙub kuma, da ya ce haƙuri mai kyau, shi ne dai ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari.

Yaranmu ba sa kallon babba ido cikin ido, don haka zaman "zo nan, gaya mini damuwarka" ba ya haifar da komai sai sunkuyar da kai. Magana ta fi fitowa a gefe-gefe: ana kitso, ana tsintar shinkafa, ko yana bayan babur ana hanyar gona. A ba abin suna a madadinsa, "kewar Inna kike yi, ko?", sannan a yi shiru a jira, ko da hawaye ne amsar. Ƙanana kuma a saurari wasansu. Yarinyar da ke sa 'yar tsanarta tattara kaya kullum tana ba da labari ne. In ya ce ya tsani ubansa, ba lokacin wa'azin biyayya ba ne. A ce masa an ga ransa a ɓace, wa'azin ya jira gobe. Wannan ba ya nufin a sakar masa ragama. Lokacin barci, salla, makaranta, hana dukan ƙanne, duk su tsaya yadda suke. Gidan da dokokinsa suka rushe rana ɗaya don tausayi yana ƙara tabbatar wa yaro cewa komai ya lalace.

Uwa ko uban da ke riƙon su ma a jigace suke, musamman macen da ta koma ɗakin da ta bari tana amarya, ana kallonta ana ƙus-ƙus. Ta nemi inda za ta sauke nata nauyin, wurin yayarta ko aminiyarta ko malamarta ta Islamiyya. Kada dai babbar 'yarta mai shekara 12 ta zama ita ce abokiyar kukanta da dare.

Yawancin alamomin nan sukan lafa cikin watanni idan rigima ta kwanta, rayuwa ta koma kan tsari. Waɗanda ba a jira da su su ne: yaro ya daina ci har yana ramewa, ya daina magana ko wasa makonni a jere, ya ƙi makaranta sam, ya fara guduwa daga gida, ya fara yi wa kansa rauni, ko a ga tabon duka a jikinsa bayan ya dawo daga ɗaya gidan. In kuwa ya furta cewa gara ya mutu, kada a ce yarinta ce. A kawar da fiya-fiya da maganin ƙwari da ƙwayoyin asibiti daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san yadda sunan Kware ke faɗar wa mutane da gaba, har ya zama abin zolaya, amma damuwa da firgici da rashin barci suna cikin abubuwan da likitocin wurin ke dubawa kullum, mutum ya je ya dawo gida a ranar. Wanda zai raka yaron ya zama wanda ya san lokacin da abin ya soma da abin da ya faru a gidan kafin nan, domin suna cikin tambayoyin farko da za a yi masa.